Tsohon Soja Ya Kawo Ɗan'uwansa Karatu: Fa'idodi da Illoli

Minna gari ne na sojoji. A nan hedikwatar TRADOC take, mai tsara horon sojan ƙasa, ga kuma Birged ta 31 ta 'yan atilare. Don haka ba abin mamaki ba ne ka tarar da tsohon saje ko kofur a Ketaren Gwari, wani yana gadi, wani yana zaune a garejin makanikai yana lissafin ranar shigowar fansho. Ƙofofin ilimi kuwa ba a rufe suke ba. Cibiyar Oshodi da ke Legas tana koya wa masu shirin ajiye kaki sana'a, jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma tana da cibiya a Minna. Abin da ke wuya shi ne labari ya isa kunnen mai buƙata, shi ya sa masu tallafa wa karatun tsofaffin sojoji kan ce wa wanda ya amfana: je ka kawo ɗan'uwanka.

Babbar fa'idar wannan hanya ita ce amana. Mutumin da ya yi shekara 35 yana karɓar umarni, ya sha jiran haƙƙinsa har ya gaji, ba ya saurin gaskata takardar da aka liƙa a bango. Amma in wanda suka kwana rami ɗaya a fagen daga ya ce masa, "Oga, ni ma na shiga, ba su karɓi ko kwabo ba," zai tashi. Da ɗan gari akan ci gari. Akwai kuma kunya, wadda masu tsara shiri a ofis ba sa lissafawa: dattijo mai furfura yana jin nauyin zama aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, ganin abokinsa a ciki ne ke sauke masa wannan nauyi. Ta bakin 'yan'uwa ne ma labari ke kaiwa ga matan da mazajensu suka rasu a bakin aiki. Ga shi hanyar ba ta cin kuɗin talla.

Illar farko sanayya ce. Kowa nasa zai fara kira, kafin a farga gurabe sun ƙare a hannun 'yan bataliya ɗaya ko 'yan gari ɗaya. Wanda rauni ya kwantar a gida, ba ya fita majalisa, shi ne ya fi buƙata, shi ne kuma ba mai tunawa da shi.

Ta biyu ta fi muni, kuma tana farawa ne ranar da aka sa la'ada a kan kowane kai. Amurka ta ɗanɗana wannan. Dokar tallafin tsofaffin sojoji ta 1944 ta kai miliyoyi makaranta, amma ta kuma jawo makarantun neman riba masu farautar sunaye don cin kuɗin gwamnati. A 1992 aka hana biyan dillalan ɗalibai gwargwadon yawan waɗanda suka kawo, duk da haka sai da Shugaba Obama ya fitar da umarni a 2012 don kare tsofaffin sojoji daga yaudara. A nan gida, ɗan damfara ba ya buƙatar komai sai ya ce wane ne ya aiko shi, ya karɓi kuɗin fom, lambar aiki da bayanan asusun banki.

A ganina hanyar tana da kyau, sharaɗi dai kada ta zama ita kaɗai ce ƙofa, kada kuma a biya kowa don ya kawo mutum. Ina kira ga ƙungiyar 'yan mazan jiya reshen Jihar Neja da ta riƙa tantance kowane shiri, ta sanar da shi a rediyo da Hausa da Nupanci da Gwari, ta kuma aika wakilai gidajen waɗanda ba sa iya fitowa. Kai kuma tsohon soja, kada ka miƙa wa kowa takardar sallamarka sai ka taka ofishin da ƙafarka.