Sinanci da Dogri: Gata Ne Ya Raba Su

Idan aka jera Sinanci da Dogri, da yawa za su ce an haɗa giwa da ɓera. Sinanci yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Dogri kuwa, harshen yankin Jammu a arewacin Indiya, masu magana da shi kimanin miliyan 2.6 ne a ƙidayar 2011. Amma wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Harsunan nan ba su haɗa kaka ba, duk da haka kowannensu yana rarrabe ma'ana da karin sauti, kamar yadda Bahaushe yake rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya. A Sinancin Mandarin, gaɓar "ma" takan zama uwa, ko doki, ko zagi, gwargwadon hawa da saukar murya. Dogri ɗan'uwan Hindi ne, amma inda Hindi yake cewa "ghar", wato gida, shi "kar" yake cewa, karin sauti ya ɗauki aikin baƙin da ya sauya.

To, me ya raba su? Gata. Sinanci yana da daula a bayansa. Gwamnati ce ta tsara masa rubutun Pinyin a 1958. Dogri kuwa an daɗe ana ɗaukarsa karin harshen Punjabi kawai. Marubutansa ne suka kafa ƙungiyar Dogri Sanstha a 1944, suka duƙufa ga rubutu har cibiyar adabi ta Indiya ta amince da shi a 1969, ya shiga tsarin mulkin ƙasar a 2003.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, harshen da ya rasa daula ba shi da gata sai alƙalamin 'ya'yansa.