Jariran da ke mutuwa kafin ranar suna: wa ke bin diddigin dalili?

A yawancin unguwanninmu, daga Birkitari ta Yawunde zuwa zangon Kumasi, idan jariri ya zo babu rai ko ya koma kafin kwana bakwai, a ranar ake binne shi, a ce wa uwa Allah ya ba da mai amfani. Ba a raɗa masa suna ba, ba a yi masa takardar haihuwa ba, sau da yawa kuma ko a littafin asibiti layi ɗaya ne kawai ke nuna ya taɓa zuwa duniya. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa kusan jarirai miliyan 2 ne ake haifa babu rai kowace shekara, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 16, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 suna mutuwa ne ana cikin naƙuda.

Wannan adadi na ƙarshe ya kamata a tsaya a kansa. Jaririn da ya mutu a ciki kwanaki kafin haihuwa fatarsa kan saluɓe, wanda kuwa ya mutu lokacin naƙuda yakan fito da fata lafiya lau. Ungozoma na iya rarrabewa da ido. Na biyun yana nufin uwar ta fara naƙuda da ɗa mai rai, wani abu ya faru cikin 'yan sa'o'i: ba a saurari bugun zuciyarsa a kan kari ba, ko an makara wurin yanke shawarar tiyata, ko babu jini, ko motar da za ta kai ta babban asibiti ba ta da mai.

Gano wannan abu shi ne aikin bitar mace-mace, tsarin da ma'aikatun lafiya na ƙasashen da ke aiki da Faransanci suke kira SDMPR. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a kansa a 2016. Likita, ungozoma, mai kula da magani da shugaban asibiti su zauna, su ɗauki takardun mamaci ba tare da suna ba, su bi abin da ya faru sa'a bayan sa'a. Ana duba jinkiri iri uku: na yanke shawarar fita daga gida, na hanya, da na cikin asibitin kansa. Daga nan a rubuta abin da za a gyara, wanda zai gyara, da ranar da za a duba ko an yi.

Akwai shaidar cewa yana aiki. Wani gwaji da aka yi a asibitoci 46 na Senegal da Mali, wanda mujallar Lancet ta buga a 2013, ya nuna mutuwar mata masu haihuwa ta ragu da kusan kashi 15 cikin 100 a asibitocin da aka haɗa bitar da horar da ma'aikata da ziyarar ƙwararru a kai a kai. Abin lura shi ne ba zaman kaɗai ya kawo sauƙin ba.

A ganina nan ne tsarin ke yin tuntuɓe. Inda zaman bita ya zama kotu, ƙaramar ungozoma da ta kwana ita kaɗai da mata goma ita ce ke shan zargi, gobe kuwa za ta rubuta cewa jaririn ya daɗe da mutuwa a ciki don ta tsira da aikinta. Shi ya sa ƙa'idar ta ce ba suna, ba zargi. Inda kuma aka rubuta "babu jini a ajiye" wata shida a jere ba abin da ya sauya, ma'aikata za su daina zuwa zaman, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Mu da ke zaune a matsayin 'yan tsiraru muna da ƙarin matsala da takardun ba su cika kamawa ba: harshe. Matar da ba ta jin Faransanci ko Turanci, ga kunyar haihuwar fari, ba lalle ta iya gaya wa ma'aikaci cewa tun jiya ɗan ya daina motsi ba. A fayil sai a rubuta "ta zo a makare". Bitar da ba ta tambayi uwa ko rakiyarta ba, a harshen da suke ji, rabin labari ta samu. Haka batun kuɗi. A jihohin arewacin Kamaru an kawo takardar lafiya ta jaka 6 ta sefa wadda ke ɗaukar nauyin awo da haihuwa har da tiyata, amma sai bita ce za ta nuna ko matar da ta rasa ɗanta ta san da ita.

Ƙasashenmu sun amince da burin rage haihuwar jarirai babu rai zuwa 12 ko ƙasa da haka cikin kowace haihuwa 1,000 nan da 2030. Ƙungiyoyin mata da sarakunan Hausawa na zango suna da abin da za su iya nema tun yanzu a kwamitin kula da asibitin unguwa: a faɗi sau nawa aka yi zaman bita a bana, gyara nawa aka rubuta, nawa aka aiwatar, sannan a sa mai jin Hausa a ɗakin haihuwa ko da a matsayin tafinta.