Kafin Ka Sayi Doki, Ka Tanadi Harawa

 

Kwanakin baya wani ɗan uwa ya yi tambaya a nan: wace kwamfuta zai saya don zana bangon littattafai da haɗa bidiyon karatun labari a YouTube? Kafin a ce kwabo masana sun yi masa caa. Wannan ya ce ya sa katin hoto biyu, wancan ya ce uku ma ba su yi yawa ba, wani ya turo hoton kwamfuta mai fitilu ja da shuɗi kamar motar amarya. Mun bi sharhin nan tun daga sama har ƙasa, ba mu ga mutum ɗaya da ya tambaye shi da wace wuta zai kunna ta ba. Alhali ɗan uwan nan ya faɗa da bakinsa cewa a ƙauye yake zaune, kamar mu.

Wannan shawara ba taimako ba ce. Mun san haka domin an taɓa ba mu irinta, mun bi, mun kuma ga ƙarshenta.

Mu a yankin Ɗambatta muke. A nan gona tana jikin gona, ba makiyaya ta a zo a gani, don haka duk wanda zai ɗaure sa ko rago a turke sai ya fara leƙa rumbu. Zai ƙirga damin harawa, ya lissafa buhun dusa da ƙaiƙayi, ya san watanni nawa za su kai shi, sannan ya nufi kasuwa ranar Lahadi. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya san wannan lissafi. Mu da muke yawo da difloma a jaka mu ne muka manta shi.

Bara da kaka, mu 'yan ƙungiyar marubuta na yankinmu muka yi karo-karo. Wani ya sayar da gyaɗa, wani ya kawo kuɗin ƙwadago, wata 'yar uwarmu ta sayar da akuyarta. Burinmu mu daina kai aikin bango birni, mu kuma riƙa haɗa bidiyon labaranmu da kanmu. Muka je Kano muka sayo katin hoto biyu na hannu, RTX 3060, da sauran kayan haɗi. Da aka zo kan akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, kuɗi ya kusa ƙarewa. Mai shago ya miƙo mana wani mara nauyi, an rubuta 650 ɓaro-ɓaro a jikinsa, ya ce ai duk ɗaya ne. Muka karɓa har da godiya.

Da sanyin hunturu ta yi aiki lafiya lau. Bazara na shigowa ta fara ɗaukewa da kanta ana tsakiyar aiki. Muka ɗora wa janareta laifi. Wata rana da la'asar sai muka ji ƙara, ƙauri ya cika ɗaki. Fawa-fak ya ƙone, ya tafi da babban allon kwamfutar, da kati ɗaya, da rumbun ajiya. A cikin rumbun akwai littattafai uku da ba su da kwafi a ko'ina. Ɗaya na mai akuyar nan ne, wanda ta yi wata huɗu tana zuwa tana bugawa tana gyarawa. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta tambaya ko za a iya ciro shi, aka ce a'a, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ɗauki mayafinta. Har yau wannan shirun nata ya fi mana zagi ciwo.

Da muka kwance gawar akwatin muka karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, sai kunya ta kama mu. Komai yana rubuce. Mu da muke kiran kanmu marubuta, masu gyara wa mutane waƙafi da aya, layi biyar ne muka kasa karantawa.

Ga abin da ya kamata mu sani tun a shago. Wutar da ke fitowa daga soket ta kai kimanin bolt 230. Kayan cikin kwamfuta ba sa cin irinta, sai fawa-fak ya sauko da ita zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Katin hoto da furosesa, waɗanda su ne manyan maciya, daga layin bolt 12 suke ci. Saboda haka babbar lambar da aka buga a kwali ba ita ce abin dubawa ba. Ka nemi inda aka rubuta 12V a jadawalin da ke jikin akwatin, ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka. Namu amfiya 30 ne. Sha biyu sau talatin, wat 360. Wannan ne ainihin ƙarfinsa a inda ake buƙata.

To nawa kayanmu ke ci? RTX 3060 guda ɗaya wat 170 ne, biyu 340. Furosesa ya kai 100 idan aiki ya yi nauyi. Allo da fankoki da rumbu, a ba su 60. Jimla 500. Wato mun ɗora wa jakin da ke iya ɗaukar buhu uku buhu huɗu da ɗoriya, muka kuma kora shi cikin ranar Afrilu. Zafin ma yana da nasa lissafin: akwatuna masu araha akan auna ƙarfinsu ne a ɗaki mai sanyi, masu kyau kuwa a zafin digiri 40 ko 50. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, wannan bambanci shi ne tsakanin aiki da gobara.

Kuma kati ba ya cin wuta a tsaye cak. Yakan yi zarin loma na ɗan ƙiftawar ido, ya ja fiye da abin da aka rubuta masa. Shi ya sa ba a sayen fawa-fak daidai wa daida. Kayan wat 500 suna son akwati mai 750 na gaskiya. Wanda ke mafarkin RTX 3090 biyu kuwa, kowane ɗaya wat 350 ne, ya san cewa magana ta wuce 1000 tun kafin a kunna fanka.

Sai maganar wayoyi, inda masu haɗi suka fi cutar mutane. Ramin da ake soka kati a allo wat 75 yake bayarwa. Filogi mai ido shida yana ƙara 75, mai ido takwas 150. Idan akwatinka ba shi da isassun filogi, za a ce maka ga 'yar waya nan da za a jona daga filogin rumbun ajiya. Kada ka yarda. Filogin SATA bai wuce wat 54 ba a layin bolt 12, ɗora masa kati narkewa zai yi. Kowane kati a ba shi wayarsa daga akwati kai tsaye. Akwatin da ba shi da isassun filogi ya riga ya gaya maka ba don wannan aiki aka yi shi ba.

Za ka ga tambarin 80 Plus a jikin wasu, da matakansa irin su Bronze da Gold. Ma'anarsa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da akwatin ya ja tana isa ga kayan aiki, sauran ta zama zafi. Alama ce mai amfani, amma ba shaidar aminci ba ce, kuma sitika ba ta da wuyar bugawa. Ka ɗauki lambar samfurin ka bincika a intanet kana tsaye a shagon. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa. Ka tabbata yana da kariyar da ke sa ya kashe kansa idan kaya ya yi masa yawa ko wuta ta haura. Akwati nagari idan ajalinsa ya zo shi kaɗai yake tafiya. Namu da maƙwabta ya tafi. Abin takaicin, ratar kuɗin da ke tsakaninsa da nagari ba ta kai rabin kuɗin katin da ya ƙona ba. Araha dai ba ta ado.

A ce ka sayi nagarin. Saura babbar tambayar da masana zaure suka tsallake: shi kuma wa zai ciyar da shi? Kwamfutar da ke cin wat 500 a ciki tana jan kusan 600 daga bango, ga allon kallo. Ƙaramin janaretan nan da ake kunnawa a shagon caji da na aski, ƙarfinsa na gaskiya bai fi wat 650 ba, kuma wutarsa hawa da sauka take yi. Ga kuɗin fetur, wanda kowa ya san inda ya nufa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Idan sola ce, batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat-awa 2,400, kuma idan irin na ruwa ne rabi kawai ake taɓawa in ana son ya yi ƙarko. Wannan ba zai kai ka awa biyu ba. Inbatar ma sai mai ba da tsaftatacciyar wuta irin ta gwamnati, domin fawa-fak na zamani ba ya shiri da wutar inbata mai araha. Wutar layi kuwa, rukunin Band A da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, aka kuma kai kuɗinsa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ba ƙauyukanmu ba ne. Ko birnin ma, waye ya manta Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi fiye da mako a duhu?

Aikin awa biyar a irin wannan kwamfuta ya kai yunit uku. Da wutar nan za a cika waya fiye da ɗari. Kuma duk mun san littattafai nawa 'yan uwanmu mata suka rubuta tun daga shafin farko har tammat da babban yatsa a kan waya, suka tara dubban masu karatu a WhatsApp da Wattpad.

Mun san abin da za a ce. Za a ce muna kashe wa matasa gwiwa, duniya ta tafi ga zane da bidiyo da ƙirƙirarriyar basira, mu muna maganar harawa. Ba mu ce kada a saya ba. Mu ma mun sake haɗa tamu, da kati ɗayan da ya tsira, kuma tana yi mana aiki. Abin da muke ƙi shi ne a fara gini daga rufi. Kuma a gaya wa mai tambaya gaskiya: CorelDRAW da ake zana yawancin bangon littattafanmu da shi ba ya buƙatar kati biyu, Photoshop ma kati ɗaya yake amfani da shi ko ka jera masa goma. Kati biyu yana da rana ga mai zane mai motsi a Blender da makamantansa. Idan ba shi kake yi ba, na biyun zama zai yi yana cin wuta yana dumama ɗaki.

Za a kuma ce ai katunan sun yi sauƙi, a saya kafin su tashi. A tambayi dalilin sauƙin. Ranar 15 ga Satumbar 2022 Ethereum ta daina amfani da haƙar da ake yi da katin hoto, masu haƙa a duniya suka zubo nasu kasuwa. Da yawa daga cikin na hannu da ke yawo sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Ba dukansu ne matattu ba, amma wanda zai sayi tsohon doki ya buɗe bakinsa ya duba haƙora.

Ga ɗan uwanmu mai tambaya, ga tsarin da muka koya da kuɗin akuya. Fara da wutar da kake da ita a gida, ka san wat nawa ce, awa nawa take yi. Daga nan ka rubuta aikin da za ka yi da gaske, ba wanda kake mafarki ba. Sannan ka ware kuɗin fawa-fak nagari da abin daidaita wuta tun kafin ka taya kati. Abin da ya rage shi zai gaya maka katin da ya dace da kai. Kuma ko wace na'ura ka saya, rubutunka ya kwana a wuri uku: a kwamfuta, a filashi, a imel ɗinka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma masu ba da shawara, ku ji tsoron Allah. Buga "sa kati biyu" ba ya cin ko sisi, amma wanda zai bi maganarku wataƙila gonar gado zai jinginar. In ba ku san lissafin ba, ku ce ba ku sani ba, babu wanda zai cire ku daga zaure.

Mai akuya ta dawo. Ta fara buga littafin daga farko, daga littattafan makarantar da ta soma rubuta shi a ciki da biro, kuma duk ranar da ta tashi sai ta tura wa kanta kwafi kafin ta sa takalmi. Ta ce wannan karon babi na bakwai ya fi na da daɗi. Mu dai ba mu da bakin cewa komai.

Wanda yake shirin saye, ya rubuto kayan da yake so da irin wutar da yake da ita a ƙarƙashin wannan rubutu, mu yi lissafin tare kafin ya shiga mota. Allah ya sa mu dace, ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.