Wasiƙa Zuwa Ga Teloli Masu Ɗinkin Mata



Littafin awon da ke shagonku ya san abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Yarinya ta zo ɗinkin ƙaramar Sallah kun auna ƙugu, ta dawo na babbar Sallah tef ya nuna ta zabge, ƙashin wuya duk a waje, amma bakinta na cewa, "Anti, a ƙara tsukewa, na yi teɓa." Don Allah kada wannan ya wuce ku.

Akwai cutar da likitoci ke kira anoreksiya, sunan da likitan Ingila William Gull ya raɗa mata a 1873. Tsoron ƙiba ne ke kama mutum har ya hana kansa abinci, ya rame ƙwarai amma yana ganin kansa da ƙiba. Ba iyayi ba ne, ciwo ne, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafiya kisa. Jinin al'ada kan ɗauke, gashi ya zube, sanyi ya dami yarinya ana tsakar zafi, bugun zuciya ya ragu. Wannan cuta ce sanadin rasuwar mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter a 1983, tana da shekara 32. Samari ma ba ta bar su ba. A wajenmu kuwa rama takan tafi da sunan olsa ko taifot, a yi ta zaryar kemis.

Ku kula da harshenku. "Kin yi kyau da kika rage jiki" kalma ce mai sauƙi, amma ga mai wannan ciwo tana ƙara ingiza ta. Ku daina faɗar awo da ƙarfi a gaban jama'a, ku cire shayin rage ƙiba daga kantarku.

In kun ga alamun, ku ja yarinyar gefe da lallashi, sannan ku sami mahaifiyarta a asirce. Ku gaya mata faɗa ba ya magani, ɗura ma haɗari ce: jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi da abinci lokaci guda, zuciya na iya samun matsala. Likita ne zai tsara abincin, tare da mai ba da shawara kan tunani. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. In yarinyar ta fara suma ko ciwon ƙirji, a kai ta asibiti mafi kusa a ranar, kada a bari ta kwana.

Wassalam.