Mutuwar Wasa Da Mutuwar Gaskiya

Bismillahir Rahmanir Rahim

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan uwa matasa, da yawanku sun san wasannin nan na intanet da ake shiga wata duniya ta almara, a ɗora wa mutum aiki: ya kutsa kogon ƙarƙashin ƙasa, ya yaƙi dodanni, ya kashe babbansu, ya fito da ganima. A wasan World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, mutum biyar ne ke haɗuwa su shiga irin wannan kogo: ɗaya ya tare duka, ɗaya ya yi jinya, uku su kai hari. Ba hukuncin wasan zan tattauna a yau ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake mutuwa a cikinsa.

Idan dodo ya kashe ka a wannan wasa, sai ka tashi a maƙabarta a siffar fatalwa, ka ruga wurin gawarka, ka shige ta, ka ci gaba daga inda ka tsaya. A wasan RuneScape kuwa, wanda ya fara a 2001, Mutuwa ma'aikaci ne mai ofis: ƙwarangwal cikin baƙar alkyabba, yana ajiye kayan wanda ya mutu, a biya shi kuɗin wasan ya mayar da su. Saurayi kan mutu sau goma a dare guda, yana dariya.

Wannan siffa ba masu wasan suka ƙirƙiro ta ba, gadonta suka yi daga Turai. Bayan annobar da ta auka wa nahiyar tsakanin 1347 da 1351, wadda ta hallaka kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, sai zanen ƙwarangwal ya yawaita a jikin bangon coci-coci da maƙabartu, yana jan sarki da talaka zuwa kabari. Aka kuma riƙa masa lauje, wai yana girbin rayuka kamar yadda manomi ke girbin alkama.

Tatsuniyoyinsu ma haka. A cikin waɗanda 'yan uwan nan biyu na Jamus, wato Grimm, suka fara wallafawa a 1812, akwai labarin wani matalauci da ya zaɓi Mutuwa ya zama uban riƙon ɗansa, don shi ba ya bambanta mai kuɗi da talaka. Yaron ya girma ya zama likita, yana iya ganin inda Mutuwa ya tsaya a gefen majinyaci, ta haka yake sanin mai tashi da mai tafiya. Sai kwaɗayi ya sa ya juya kwanciyar majinyaci domin ya yaudari ubangidansa. Ƙarshensa Mutuwa ya ja shi cikin wani kogo cike da kyandirori, kowane kyandir ran mutum ɗaya ne, nasa kuma ya mutu a kan idonsa. Ku lura: ko tatsuniyar ma ta yarda cewa mai wayon shi ya faɗi. Wasan zamani ne ya cire wannan ƙarshen, ya bar wayon.

To, me Musulunci ya karantar da mu? Aya ta 11 ta Suratus Sajda ta ambaci Mala'ikan Mutuwa da aka wakilta a kanmu. Bawa ne mai cika umarni, ba shi da wani ra'ayi nasa balle a yi ciniki da shi, kuma ba a ba mu damar zana masa siffa daga tunaninmu ba. Hatta sunan Azara'ilu da ya shahara a bakinmu bai zo a Alƙur'ani ko ingantaccen hadisi ba. Ita kanta mutuwa halitta ce, kamar yadda farkon Suratul Mulk ya nuna. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri (RA) cewa ranar ƙiyama za a zo da ita a siffar rago, a yanka tsakanin aljanna da wuta. Ashe ita ma tana da ajali, amma ba jarumi mai takobi ne zai kawar da ita ba.

Wani zai ce: Malam, ai wasa ne kawai, mun san ba gaskiya ba ne. Na yarda babu mai hankalin da zai zaci gawarsa za ta tashi da danna maɓalli. Sai dai zuciya tana horuwa da abin da ake maimaita mata, ko da hankali bai gaskata ba. Wanda ya saba da cewa kowane kuskure yana da maimaici, da sauƙi Shaiɗan zai riƙa raɗa masa cewa tuba ma tana iya jiran gobe. Alhali ayoyi na 99 da 100 na Suratul Mu'uminun sun ba mu labarin wanda zai roƙi a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa, aka ƙi masa. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ƙofar tuba tana rufewa ga bawa da zarar ya fara gargarar mutuwa.

Abin lura, su kansu masu wasan sun gane haka. A 2023 kamfanin World of Warcraft ya buɗe wani sashe da idan jaruminka ya mutu sau ɗaya, shi ke nan, babu tashi a wannan sashen. Nan za ka ga mai wasa yana taka-tsantsan, yana tanadin guzuri, yana tantance abokan tafiya kafin ya doshi bakin kogo. Subhanallah! Wannan duk saboda jarumin da aka zana a kwamfuta. Ina ga ranka, wanda shi ma ɗaya ne tak?

Saboda haka nasihata gare ka, ɗan uwa: kada kogo ya riƙe ka ladan yana kira, don abokan wasa za su samu wani, sallar da ta wuce lokacinta kuwa ta wuce. Ka riƙa bin jana'iza, ka ziyarci maƙabarta, domin idonka ya ga mutuwar da ba a dawowa daga gare ta. Kuma ka tuba a daren nan kafin ka kwanta.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.