Mu San Duniya: Ƙauyen da sunansa ya hau kan maraya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wannan wata zancenmu na maraya ne. Ba wanda ya rasa uwa ba, a'a, naman dajin nan ja mai son fadama. Akwai shi a gandun dajin W, kudu da Yamai, inda aka hana farauta. Ma'aikatan daji da faransanci suna ce masa "cobe de Buffon", wato marayan Bufon. To, wane ne Bufon?

Da fari dai sunan ƙauye ne, ɗan ƙarami, kusa da garin Montbard a ƙasar Faransa. A Montbard aka haifi Georges-Louis Leclerc a 1707. Ubansa ya sayi sarautar ƙauyen Bufon da gonakinsa, sai sunan ƙauye ya bi yaron, kamar yadda Shehu Shagari ya ɗauki sunan garinsu. A 1739 sarkin Faransa ya ba shi riƙon lambunsa na birnin Pari. Ya zauna ya yi littattafai 36 a kan dabbobi, tsuntsaye da duwatsu, har ya rasu a 1788.

Ga abin mamaki: ƙafar Bufon ba ta taɓa taka ƙasar baƙar fata ba. Wani ɗan ƙasarsu, Michel Adanson, shi ya sha rana. Ya sauka Senegal a 1749, ya yi shekaru yana tara ganye da ƙahoni, yana tambayar mutane sunayensu. Daga bakin mutanen Senegal aka samo kalmar "kob". Bufon ya duba abin da aka kawo masa, ya rubuta. Mu yaba masa abu guda: yakan bar wa dabba sunan da mutanen ƙasarta suke kiranta da shi.

Adanson ma bai tashi hannu banza ba. Masana na duniya suna kiran kuka Adansonia, don girmama shi. Kukar da kakanninmu suke miya da ita tun kafin a haifi kakansa!

Maharban da suka nuna musu dabbar, suka faɗi sunanta, ba a san ko ɗayansu ba yau. Ba su riƙe alƙalami ba.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku zauna da tsofaffin maharba da makiyaya na garinku. Ku rubuta sunan kowane nama da kowane icce, har wanda ya ɓace daga dajinku, ku aiko mana.