Igiyar Iskar da Ta Ƙone Gonakin Rasha, Ta Cika Kogin Indus

A watannin Yuli da Agusta na 2010 zafi ya zauna kan Rasha ya ƙi tashi. Ranar 29 ga Yuli ma'aunin zafi a Mosko ya haura digiri 38, dazuzzuka suka kama da wuta, alkama ta bushe a gona. A daidai lokacin ruwa ya dinga zuba a Pakistan, kogin Indus ya yi ambaliyar da ta taɓa mutum wajen miliyan 20. Abu ɗaya ne ya haɗa bala'in biyu.

Can sama, kimanin kilomita goma, akwai iska mai gudu daga yamma zuwa gabas. Ba miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa kamar kogi a fadama, kowace lanƙwasa kuma ta kan shafe dubban kilomita. Masanin yanayi Carl-Gustaf Rossby ne ya bayyana waɗannan igiyoyi a 1939, shi ya sa ake kiransu da sunansa. In igiyar ta girma ta wuce kima sai ta naɗe, ta karye, ta tsaya cik wuri ɗaya har makonni. Haka aka yi a 2010: tsayuwarta ce ta riƙe zafi kan Rasha, ta riƙe ruwa kan Pakistan. Rasha ta hana fitar da hatsi, farashin alkama ya tashi a duniya, mu kuwa a Najeriya da Nijar alkamar burodinmu da taliyarmu yawancinta daga waje take.

Hasashen irin wannan yanayi kuwa yana da iyaka. Masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna tun 1963 cewa ɗan kuskure a awon iska yana ninkuwa har ya cinye hasashe. Saboda haka in an wuce sati biyu, ba mai iya faɗa maka ranar da hadari zai taso.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana ce wa masu hasashen yanayi maƙaryata. Mu ma muna da namu igiyoyin: iskar gabas da ke saman Sahel tana haifar da su duk kwana uku zuwa biyar a damina, su ne ke tara mana hadari. Harba balan-balan na awo sama kullum yana taimakawa ƙwarai wajen sanin halinsu, tashoshin da ke yin haka kuwa a Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai. Gwamnatocin Najeriya da Nijar su sa kuɗi a nan. Masu hasashe kuma su riƙa faɗa wa manomi a rediyo, da Hausa, ko kashi nawa cikin ɗari ake sa ran ruwa kafin ya zuba iri.